Inna Mai Jama'a

Inna ce ta haifi mahaifiyata, amma ba mu kaɗai muke kiranta Inna ba. Duk wanda ya zauna kusa da ita na ɗan lokaci, da wannan suna zai tashi a bakinsa, ko da shi ma ya yi jikoki. Ta rasu bayan ta haura shekara 90, Allah ya jiƙanta, ya kyauta makwancinta. Ba ta da takardar haihuwa, saboda haka da abubuwan da ta gani muke lissafa shekarunta. Ta ce da wayonta aka gama yaƙin Hitila, tana tuna manya suna ta murna, ita ma ta bi sahu tana tsalle ba tare da ta gama gane abin da ake wa murnar ba. Yaƙin duniya na biyu a 1945 ya ƙare. In aka ba ta shekara 12 ko 13 a lokacin, lissafin ya fita daidai.

Ni kishiya take ce mini, irin wasan kaka da jika. Ko da na yi aure na haihu, in na yi sallama sai ta ce, "Wa nake ji kamar kishiyata? Shigo, ai mijin ma ya daɗe da barinmu, me ya rage mu yi faɗa a kai?"

Abin da baƙo zai fara lura da shi a fuskarta shi ne zanzana. Agana ta kama ta tana ƙarama, a annobar da ta tafi da ƙannenta biyu. Yaran yanzu ba su san wannan cuta ba, kuma da dalili: mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a cikin jama'a an same shi a Somaliya a 1977, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Amma a zamanin ƙuruciyar Inna, in ta shigo gida, sai a ware mai ita a ɗaki shi kaɗai. Babu mai kusantar Inna sai kakarta, wadda ta taɓa yin cutar ta warke, don wanda ya yi agana ya tashi ba ta sake kama shi. Inna ta sha ba mu labarin nan, kuma ban taɓa jin ta tsaya a kan zafin ƙurajen ba. Kullum inda take tsayawa shi ne tana jiyo muryoyin yara suna wasa a waje, babu wanda ya leƙo ya kira sunanta. Takan ce, "Ciwo ana jurewa. A manta da kai kana raye, wannan ne ba a jurewa."

Mutane da yawa in suna yabonta sai su ce Allah ne ya yi ta da farin jini. Gaskiya ne, amma yabon ya gaza. Ni da na tashi a hannunta na san cewa jama'ar Inna aiki ce, aiki kuwa mai cin ƙafa da lokaci. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta da littafin da take rubuta komai, amma a kanta akwai wanda ke kwance ba lafiya, da wadda watan haihuwarta ya kama, da yaron da zai zauna jarrabawa, da wanda ya rasa aiki yana ɓoyewa. In ta gaishe ka ba ta tsayawa a "ya gida, ya aiki". Sai ta ce, "Ƙafar nan taki da kika ce tana kumbura da yamma, ta saɓe?" alhali wata huɗu ke nan da kika faɗa mata, ke kanki kin manta kin faɗa.

Tana da wata dabara da sai da na girma na gane hikimarta. In an yi rasuwa takan je a ranar kamar kowa, ta zauna kaɗan ta tafi. Zuwanta na gaske sai bayan mako biyu ko uku, lokacin da taro ya watse, 'yan nesa sun koma, gida ya yi tsit, mai takaba ko marayu sun fara jin girman abin da ya same su. A lokacin Inna za ta bayyana da 'yar jakarta, ta wuni. Ba ta wa'azi, ba ta cewa a yi haƙuri sau goma. Sai ta jawo labarin mamacin, wani abin dariya da ya taɓa yi, har a yi dariya a yi kuka a zama ɗaya. Haka take yi wa mai jego bayan 'yan barka sun ɗauke ƙafa, da mai jinya da ciwonsa ya daɗe har masu dubiya suka gaji.

Kakanmu, mijinta, mutum ne mai shiru-shiru, wanda zai iya wuni bai yi magana goma ba. Yakan ce gidansa ya zama tashar mota, wannan na sauka wancan na hawa. Duk da haka an ce in ta yi tafiya ta kwana biyu, shi ne zai fara tambayar yaushe za ta dawo, wai gidan ya yi masa faɗi. Ya riga ta rasuwa da fiye da shekara 30.

Kada in mai da ita waliyyiya. Inna tana da katsalandan. In ta ga saurayi da budurwa da take ganin sun dace, ba ta barci sai ta haɗa su, kuma ba duka haɗin ne ya yi albarka ba. Akwai auren da ta tsaya kai da fata sai da aka yi, bai kai shekara uku ba ya mutu, uwar yarinyar ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwarta. Inna ba ta taɓa yarda ita ce ta yi kuskure ba, ta ce yaran ne ba su da haƙuri, amma ba ta daina zuwa gidan matar ba har sai da ta gaji ta sauko. Tana kuma da surutu, in ta kama ka a hanya kana sauri, ka makara ke nan. Abin mamaki, duk surutun nan tana da zurfin ciki. Labarin da take bazawa nata ne, ko na mutanen da suka daɗe da mutuwa. Abin da aka kawo mata a asirce kuwa, da shi ta shiga kabari. Bayan rasuwarta ne mata uku daban-daban suka gaya mini cewa Inna kaɗai ta san wani abu game da su, kuma ba su taɓa jin sa a bakin kowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da ita ya faru tana wajen shekara 80. Ƙawarta ta ƙuruciya, ta ƙarshe da ta rage, ta rasu. Tare suka yi wasan ƙasa, kusan lokaci guda aka yi musu aure, kowace ta karɓi haihuwar 'yar'uwarta. Inna ta yi kwanaki ba ta fita, abin da ba mu saba gani ba. Da na matsa mata sai ta ce, "Kishiya, yau duk duniya babu sauran mai kirana da sunana na yanka. Kowa Inna, kowa Hajiya. Wadda za ta ce mini ke, rufa mana baki, ta tafi."

Mu masu yi wa tsofaffinmu addu'ar tsawon rai ba mu cika tunanin wannan ɓangaren ba. Wanda ya daɗe, shi ne zai raka sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya. Miji ya tafi, yayye da ƙanne sun tafi, ƙawaye sun tafi, har cikin 'ya'yanta bakwai ta binne uku. Na ga tsofaffi da yawa da wannan ya durƙusar. Suna cikin gida cike da jikoki, ana ba su ci da sha da magani a kan lokaci, amma babu abokin hira, sai ka ga sun koma gefe suna kallon bango. Kula da tsoho daban, zama abokinsa daban, kuma iyali sun fi iya na farkon.

Inna ba ta jira mu ba. Da ta gama makokinta sai ta shiga yin sababbin ƙawaye da gangan, kuma ta gangaro ƙasa, wajen sa'o'in 'ya'yanta da na jikokinta. Amaryar da aka kawo kusa da mu ba ta san kowa ba, Inna ce ta fara zuwa ta ce ta zo ganin ɗaki, daga nan ta zama 'yar gida. Wasu ɗalibai mata da suka kama haya a kusa, ta san kwas ɗin kowace duk da ba ta iya faɗin sunansa daidai, ta san wadda saurayinta ke yaudara. Akwai wata maƙwabciya da ta tare, ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, watannin farko da hannu da dariya suke hira. Matar nan ita ce daga baya ta riƙa kwana da Inna a asibiti in mun gaji.

Na lura kuma ba ta yi wa ƙawayen nan nata irin zaman da tsofaffi suka saba yi wa yara, na ni ce babba ku saurara. Tambaya take yi. Tana so ta san yadda ake aikin banki, me ya sa matasa ke son barin ƙasa, mene ne wannan intanet da kowa ya sunkuyar da kai a kansa. Mutum kuwa yana son wanda zai tambaye shi abin da ya sani. Shi ya sa suke dawowa, ba don ladan gaida tsohuwa kaɗai ba.

Sai jiki ya fara karɓar nasa. Ido ne ya fara, yanar ido ta rufe shi har ta daina gane fuska sai murya. Likita ya yi mana bayani cewa ƙwayar da ke cikin ido mai tattara haske ce ke yin hazo saboda shekaru, kuma yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali aikinta gajere ne: a cire ƙwayar da ta dushe a sa ta roba. Inna ta yi ta turjiya, wai ba za a taɓa mata ido da wuƙa ba, sai da wata ƙawarta da aka yi wa ta zo ta zauna da ita ta lallashe ta. Ranar da aka cire bandejin ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ashe haka kuka tsufa ba ku gaya mini ba?"

Kunne ne ya fi yi mata illa, kuma shi a hankali ya shigo, ba a farga ba. Rashin ji na tsufa ba ya ɗauke sauti duka lokaci guda. Siraran sautuka yake fara ci, irin su "s" da "sh" da "f", da muryoyin yara da na mata, sai mutum ya riƙa jin ana magana amma kalmomin ba sa fita. Mafi muni, in mutane da yawa na magana a lokaci guda, komai sai ya cakuɗe. Ga mace irin Inna, wadda duk rayuwarta a tsakiyar taro take, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta fara ƙin zuwa taro, in an cika a ɗakinta sai ta yi murmushi kawai tana gyaɗa kai. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce ta fara rikicewa. Mahaifiyata ce ta gano, don ta lura in su biyu ne kaɗai, Inna garau take, har da tsokana. Aka kai ta aka auna, aka sa mata na'urar ji. Ba ta so ta ba, ta ce tana sa mata ƙarar duniya duka a kai, takan cire ta ɓoye a ƙarƙashin matashi. Abin da ya fi na'urar amfani shi ne sauya yadda ake zuwa wurinta: mutum ɗaya ko biyu a lokaci guda, a kashe rediyo, a zauna ta gefen kunnen da ya fi ji, a fuskance ta don ta ga baki, a yi magana a hankali ba da ihu ba. Da aka yi haka sai Inna ta dawo.

Waya kuma ta zo mata a daidai. Ba ta iya karanta suna ba, amma ta haddace wa ke kan wane maɓalli. Da jikoki suka koya mata saƙon murya na WhatsApp, shi ke nan, an ba mai kaza kai. Saƙonta ɗaya sai ya yi minti bakwai, ta fara da gaisuwa, ta bi mutanen gidanku ɗaya-ɗaya, ta ba da labari biyu, sannan a ƙarshe ta faɗi abin da ya sa ta kira, in ba ta manta ba.

A watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kuma tun farko an san tsofaffi ta fi kashewa. Kawu, babban ɗanta namiji, ya ce daga yau babu mai shiga wurin Inna. Ba zan ga laifinsa ba, tsoro ne da ƙauna, kuma a kan cutar yana da gaskiya. Amma cikin 'yan watanni muka ga abin da shekara 80 da ɗoriya ba su yi mata ba. Ta rage cin abinci, ta rame, ta fara rikita ranaku, tana tambayar abu ɗaya sau uku. Wata rana ta ce wa mahaifiyata, "Sau biyu ke nan ana rufe ni a ɗaki. Na farko ina da kaka mai shigowa." Mahaifiyata da Kawu suka yi ta sa-in-sa a waya, daga ƙarshe aka tsaya a tsakiya. Aka riƙa fito mata da kujera bakin ƙofa da safe, mai zuwa ya tsaya daga nesa da takunkumi a fuska. Takunkumin ya hana ta ganin baki, don haka rabin hirar ba ta ji, amma tana ganin mutane, tana ɗaga hannu, tana yi wa masu wucewa tsiya. Muka kuma raba kwanakin mako a tsakaninmu, kowa da ranar kiransa. Cin abincinta ya dawo kafin ƙarfinta.

Daga baya na ci karo da abin da masana ke faɗa a kan wannan. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Dakta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa illar rashin cuɗanya da mutane ga lafiya ta yi daidai da shan sigari har kara 15 a rana. Akwai kuma binciken Jami'ar Harvard da aka fara tun 1938, ana bin rayuwar mutane ɗaruruwa daga ƙuruciya har tsufa, wanda ya nuna kyawun dangantaka da mutane na cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da lafiya da kwanciyar hankali a tsufa. Ba zan ce jama'a ce ta ba Inna shekara 90 ba, kwana na Allah ne, kuma na san masu jama'a da suka tafi da ƙuruciya. Abin da na gani da idona dai shi ne an rufe ƙofa ta dusashe, an buɗe ta farfaɗo.

A shekararta ta ƙarshe ta zame ta faɗi, ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi mata aiki, likitoci suka dage sai an tashe ta zaune da wuri, domin doguwar kwanciya ga tsoho ita ke jawo ciwon huhu da gyambon baya. Kafin a sallame ta, ta san sunan kowace mai jinya a ɗakin da abin da ya kawo ta. Ma'aikatan jinya in sun gama zagaye, gadonta suke zuwa su huta. Har sulhu ta yi tsakanin wata tsohuwa da surukarta, tana kwance, da robar ƙarin ruwa a hannu. Ta dawo gida a keken guragu, ba ta sake takawa ba, sai zumuncin ya juyo, waɗanda ta yi shekaru tana bi suka riƙa biyo ta.

Rasuwarta ba ta zo da doguwar jinya ba. Zazzaɓi na kwana kaɗan, numfashi ya yi nauyi, da asuba ta cika.

Cikin waɗanda suka zo ta'aziyya, da yawa ba mu san su ba. Wani dattijo ya zauna a gefe har aka watse, sannan ya ce wa Kawu shekaru da yawa da suka wuce ya fito daga gidan yari, kowa na kauce masa, har 'yan'uwansa. Inna ce ta tsayar da shi a bainar jama'a, ta kira sunansa da ƙarfi, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ta tsaya suna hira har kowa ya gani. Ya ce daga ranar mutane suka fara amsa sallamarsa. Babu wanda ya taɓa jin wannan labari a gidanmu.

Yanzu ne muke gane yawan abin da take riƙe da shi. Da, in wani ya haihu ko ya kwanta asibiti a dangi, kafin yamma kowa ya ji, don Inna ta ji. Yanzu sai a yi wata guda labari bai zagayo ba. Mun buɗe zaure a WhatsApp, ana turo hotuna da addu'o'i, amma babu mai kiran mutum ya ce na ji muryarki wani iri, me ke faruwa.

Ta bar aiki ɗaya ba ta gama ba. Kawu da Goggo, autarta, sun shekara biyu ba sa magana a kan wani fili da mahaifinsu ya bari. Inna ta yi ta fama da su, ta kira wannan ta kira wancan, ko a makon da za ta rasu sai da ta sa na tura wa kowannensu saƙo. Sun zauna a ɗaki ɗaya ranar rasuwar, kowa na kallon gabansa. Mahaifiyata ta ce ita ta gaji, ni ce mai bakin Inna, in gwada. Na kira Goggo na ce ina so su haɗu a gidana ƙarshen wata, ta ce za ta zo in dai ba za a tayar da maganar filin ba. Kawu na tura masa saƙon murya tun shekaranjiya. Alama ta nuna ya saurara, bai dai amsa ba tukuna.